Amsa ga mai tambaya kan jinyar mahaifiyarta bayan tiyatar sauya kafaɗa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Kin ce likita ya yanke shawarar sauya mata gaɓar kafaɗa domin ta cinye, kina son sanin tsawon jinyar, da ko za ta koma sallarta da girkinta kamar da, sannan wasu dangi na cewa da zarar an sallamo ta a kai ta wurin mai ɗori ya riƙa murza hannun kada ya sandare. An yi mini wannan aiki a kafaɗar dama shekarun baya, kuma da hannun nake rubuta miki wannan amsa, don haka zan faɗa miki abin da na gani da idona.

Ki fara da tambayar likita wane iri za a sa mata, domin manyan iri biyu ne kuma dokarsu ta bambanta. Na farko ana mayar da gaɓar yadda take a halitta: ƙwallon ƙarfe a kan ƙashin damtse, kwarmin roba a jikin allon kafaɗa. Wannan sai jijiyoyin nan huɗu masu riƙe kafaɗa suna da lafiya. Kafin likita ya isa ga gaɓar yakan raba ta gaba daga cikinsu da ƙashi, in ya gama ya ɗinke ta, to wannan ɗinki na ciki shi ake lallaɓawa, shi ya sa ake hana juya hannun waje a makonnin farko. Na biyu shi ne na juye, ƙwallon a jikin allo, kwarmin a kan damtse. Wani likitan Faransa mai suna Paul Grammont ne ya fito da tsarin da ake bi yanzu a 1985, saboda waɗanda jijiyoyinsu suka yage har ba sa ɗinkuwa. A wannan, babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa ce ke ɗaga hannu. Irinsa aka sa mini. Abin tsoronsa gocewa, kuma yana gocewa ne idan aka kai hannu baya aka danna, ko aka murɗa shi wajen gadon baya. Ki riƙe wannan, domin kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Daren farko yana da yaudara. Sau da yawa suna yin wata allura a gefen wuya da ke kashe hannun gaba ɗaya na awa 12 zuwa 24. Hajiya za ta farka ta ce ba ta jin komai, har ta ce a bar maganin. Kada ku bari. A sha maganin ciwo a kan lokacin da aka rubuta tun kafin allurar ta sake, domin in ta sake da tsakar dare ba a shirya ba, ciwon ba kaɗan ba ne. Magunguna masu ƙarfi irin su tiramadol na kawo taurin bayan gida, sai a yawaita ruwa, gwanda, lemo da miyar ganye. In tana da gyambon ciki, hawan jini ko matsalar ƙoda, kada kowa ya sayo mata diklofenak ko ibufurofen daga kemis sai da sanin likita. Za ki ga jini ya kwanta ya yi baƙi-baƙi ya gangaro har gwiwar hannu, wani lokaci har ƙirji. Yakan faru, kuma yana washewa da kansa. Ta riƙa motsa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu tun ranar farko don kumburi ya sauka.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta miki dogon bayani. Takardar da asibiti ke bayarwa, musamman in a Indiya ko Masar aka yi aikin, an rubuta ta ne don mutumin da ke zama a kujera, yana kwana a gado mai tsayi, bayinsa na zama ne. Mu kuwa rabin rayuwarmu a ƙasa take. Tsohuwa in za ta tashi daga tabarma, me take yi? Ta kai hannu baya, ta dafa ƙasa, ta yunƙura. Wannan shi ne ainihin motsin da ke goce sabuwar kafaɗa ko ya tsinka ɗinkin ciki, kuma ba da gangan za ta yi ba, jikinta ne ya saba shekara da shekaru. Saboda haka tun kafin ranar tiyata ku gyara gidan. A samo kujera mai ɗan tsayi wadda za ta iya miƙewa daga kanta da ƙarfin ƙafa. In katifarta a ƙasa take, a ɗora ta a gado. In bayin na tsuguno ne, a sayi kujerar bahaya irin ta marasa lafiya. A ɗauke dardumar da ke zamewa, a sa fitila mai caji kusa da gadonta saboda dare in an ɗauke wuta, domin faɗuwa a kan wannan hannu ita ce babbar masifa.

Maratayin hannu kuwa, mako 4 zuwa 6 ake sa shi, gwargwadon yadda likitanta ya ce, har da barci. Kwanciya rigingine ba ta yiwuwa da farko. Na yi barcina a kishingiɗe, filo uku a baya, ƙarami guda a bayan gwiwar hannu don kada hannun ya zame baya cikin barci. Ƙa'idar da mai gashin ƙashi, wato ma'aikaciyar asibiti mai koyar da motsa gaɓa, ta ba ni ita ce in riƙa ganin gwiwar hannuna a ko da yaushe. In ta ɓace mini daga gani, to hannun ya tafi inda bai kamata ba. Barci shi ne abu na ƙarshe da ke dawowa daidai, kada hankalinku ya tashi in ta yi wata biyu tana farkawa cikin dare. Ƙanƙara na taimakawa ƙwarai: ruwan leda da ya daskare, a naɗe da tawul, minti 15 zuwa 20, ba a kan fata kai tsaye ba.

Sutura ma sai an sake tunani. Riga mai shiga ta kai, ajiye ta. A ɗinka mata manyan riguna masu maɓalli a gaba, ko a tsaga tsofaffi. Wajen sawa, hannun da aka yi wa aiki ke fara shiga. Wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Ɗaurin zani da ɗaurin ɗankwali duk suna kai hannu inda aka hana, don haka siket mai roba da hula ko ƙaramin hijabi sun wadatar, ko ke ki ɗaura mata. Hammata kan yi gumi ta yi ƙuraje a lokacin zafi. Ta sunkuya gaba hannun ya rataya da kansa, sai a goge a busar. Kada ruwa ya taɓa ciwon sai an cire zare, wanda yawanci kwana 10 zuwa 14 ne.

Batun tsarki, wanda kunya ke hana mutane tambayar likita: in kafaɗar hagu ce, kai hannu ta baya an hana ta shi na makonni. Ta yi ta gaba, ko ta yi da ɗayan hannun, lalura ce. In ta dama ce, buta ce matsalar, domin cikakkiyar buta ta fi nauyin da aka yarda ta ɗauka, wanda da farko bai wuce kofin shayi ba. A sa mata ƙarama, ko a haɗa tiyo. Ku yi wannan magana da ita a keɓe tun yanzu, domin iyayenmu sun gwammace su ji wa kansu ciwo da su nemi taimako a nan.

Sallah za ta yi, babu fashi, amma a zaune kan kujera da ishara, saboda sujada da tasowa daga gare ta suna ɗora nauyin jiki a kan hannu. Tsofaffi kan ƙi wannan, suna ganin kamar sallar ba ta cika ba. Ki tuna mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ɗaga hannu wajen kabbara ma da hannu mai lafiya kawai. Batun wanka da shafa a kan bandeji, a tambayi malamin da ta yarda da shi, sai ta fi natsuwa. Ni sai da likita ya duba hoto ya gamsu sannan na koma sujada a ƙasa, a hankali, ina ɗora nauyi a gwiwa da ɗayan hannun.

Mai ɗori kuwa, a'a, kuma ki tsaya kan a'ar nan ko wa zai yi fushi. Ba raina sana'arsu nake ba, amma abin da ke cikin kafaɗar Hajiya ƙarfe ne da roba da zare, ba karaya ba ce da za a ja a daidaita. Murza da ja za su iya goce gaɓar ko su fasa ƙashin da ke riƙe da ƙarfen, gyaran kuma ya fi aikin farko wuya da tsada. Haka masu zuwa da man zafi, man kaɗanya da tawul na ruwan zafi: kada a sa komai a kan ciwon. 'Yan dubiya su yi addu'a daga zaune. Ta bar maratayin a saman kaya inda kowa zai gani, don kada wata ta zo da murna ta kama hannun ta girgiza, jikoki kuma a ja musu kunne kan faɗa wa kaka a jiki.

Tsoron dangi na cewa hannun zai sandare gaskiya ne, amma maganinsa gashin ƙashi na asibiti. Yana tafiya hawa-hawa. Makonni 6 na farko wani ne ke motsa hannun, ko ɗayan hannunta, ita ba ta sa ƙarfi. Daga nan zuwa mako 12 ta fara ɗagawa da kanta. Ƙara ƙarfi da robar motsa jiki sai bayan wata 3. Inda mutane ke ɓata aikin shi ne wajen mako na uku, lokacin da ciwo ya lafa, mutum ya ji kamar ya warke. Kafaɗar a lokacin kamar ɗanyen yaɓe take, sama ya bushe ciki da saura. A nan ne za ki ga Hajiya ta ɗauki tsintsiya ko ta janyo tukunya, a nan kuma ya kamata idonki ya fi buɗewa.

In a waje za a yi aikin, kada ku hau jirgi sai da rahoton tiyata, sunan irin ƙarfen da aka sa, hotunan ƙashi, da rubutaccen tsarin gashi mako-mako. Sashen gashi a nan gida, ko a Asibitin Ƙashi na Dala ne a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa da ku, da wannan takarda za su san iyakar da za su kai hannun. Ki ɗauki bidiyon kowane motsi da waya lokacin da ake koya mata, saboda zuwa asibiti sau ɗaya ko biyu a mako ba shi ke warkarwa ba, wanda ake yi a gida kullum shi ne aikin. Hanyar zuwa ma a kula: babur ba nata ba ne yanzu, in kuma Adaidaita Sahu ce ta zauna a tsakiya, kada ta kama ƙarfe da wannan hannu in an faɗa rami.

Abubuwan da ba a jira da su: zazzaɓi, ciwon ya yi ja yana ɗigar ruwa ko mugunya, jin ƙara sannan hannun ya ƙi motsi ko siffar kafaɗar ta canza, kumburin ƙafa ɗaya, ko numfashi sama-sama da ciwon ƙirji. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kafaɗa mai aiki a ɓoye, ba lallai ta kawo zazzaɓi ba, sai dai ciwo ya dawo bayan watanni da samun sauƙi. In haka ta faru a koma wurin likitan ƙashi kafin a sha kowane kafso na kashe ƙwayoyin cuta, domin shansa na rufe cutar a kasa gano ta a gwaji. In tana da ciwon suga, a daidaita shi tun kafin tiyata, domin suga in ya hau yana hana ciwo haɗewa. Masu sikila da ke karanta wannan amsa, waɗanda kan ƙashinsu ke mutuwa saboda toshewar jini har a kai ga wannan aiki tun suna da ƙuruciya, ku tabbata likitan jini na cikin shirin tun daga farko.

Za ta koma kamar da? Ciwon da ke hana ta barci yanzu, in sha Allahu zai tafi, wannan ce babbar ribar aikin. A wata 3 za ta iya yawancin hidimar kanta, amma sauƙi na ci gaba da zuwa har shekara guda, kuma akwai lokacin da za ta ga kamar abin ya tsaya cik ta karaya. Ki lallashe ta, kada ta bar motsin. Ina tsefe kaina, ina shanya, ina miya da shinkafa, ina ɗauko kwano daga kanta. Kai hannu can tsakiyar baya ne bai dawo mini duka ba, kuma haka yake ga da yawa masu irin na juye. Daka a turmi, jan guga, ɗora bokitin ruwa a ka, cilla jika a baya don goyo da tuƙa tuwon gidan biki, waɗannan na bar wa yara har abada, domin gaɓar roba tana cinyewa da wahala. Kusan 9 cikin 10 suna wuce shekara 10, kuma ina son tawa ta kasance cikinsu. In tana da niyyar Hajji ko Umra, ta bari likita ya ba da izini, ta guji tsakiyar turmutsitsi wajen ɗawafi, jifa kuma ta wakilta.

Ki gaya mana wace kafaɗa ce da irin da likitan ya zaɓa, sai in turo miki yadda na tsara ɗakina da irin rigunan da tela ya ɗinka mini. Ki gaishe da Hajiya, Allah ya sa a yi a sa'a.