Kafin ka miƙa wa kowa kuɗin sallamarka, ji nawa labarin

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka ta fama mini tsohon miki. Ka ce an biya ka kuɗin sallama, kana son zuba su a hannun jarin kamfanonin ƙera waya tunda yanzu ko mai tura baro da wayarsa a aljihu, kuma akwai wanda zai shige maka gaba. Wannan mai shigewa gaban ne ya sa na kasa wucewa ban tanka ba.

Irin lissafin da na yi ke nan a 2019, ina da teburin gyaran waya a bakin Kasuwar Gumi da ke Kaduna. Wani da muke sahu ɗaya da shi a Tudun Wada, kullum cikin shadda da ƙamshi, ya ce yana da hanyar sayen hannun jarin Huawei. Wai tunda Amurka ta ƙaƙaba musu takunkumi a watan Mayu farashi ya karye, yanzu ne lokacin kwasar garaɓasa. Na haɗa ɗan abin da na tara da kuɗin adashin maman yara na ba shi, ya ba ni takarda har da jan hatimi. Wata biyar yana cewa "Alhaji, kwantar da hankalinka." Ni da ko Zariya ban cika zuwa ba, na zama Alhaji. Ranar da na je ofishinsa a wani bene kan titin Ahmadu Bello, kwaɗo na tarar a ƙofa. Maigadi na shan rake, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ai ni ne na huɗu tun safe. Na zauna a matakala har aka kira La'asar. Na hau Keke Napep zuwa Kawo ba don ina da abin yi a can ba, sai don ban san da bakin da zan faɗa wa matar nan ba. Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba, tuwo ta zubo mini, wallahi gara a ce ta zage ni.

Daga baya na gano Huawei ba ya cikin kowace kasuwar hannun jari, ma'aikatansa ne ke riƙe da shi. Wato abin da na saya babu shi a kasuwa sam.

To ka fara tambaya, wannan jarin ana sayar da shi kuwa, a ina? Dillalin yana da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari? In na cikin gida ne, sunanka zai fito a asusun CSCS, inda ake ajiye bayanan masu hannun jari, ba a takardar wani ba.

Sannan yawan waya a hannun mutane ba shi ne riba ba. Waye bai riƙe Nokia mai tocila ba? Amma a 2013 suka amince su sayar wa Microsoft sashen wayoyinsu. Nokia ɗin da ke kasuwa yau kayan ƙarfen sabis yake sayarwa, shi da Ericsson, cinikinsu na tashi ne idan kamfanonin layi suna kafa sabon abu irin 5G, in sun gama sai ya lafa. Tecno da itel da Infinix da suka cika Kaduna duk na Transsion ne, yana kasuwar Shanghai tun 2019, ba wurin da irinmu ke shiga cikin sauƙi ba ne. Xiaomi ya shiga kasuwar Hong Kong a 2018 kan dalar Hong Kong 17, a shekarar da ta biyo ya zube kusan rabi, alhali ana ta sayen wayarsa. Mu da muke kwance waya mun san ko wane suna aka manna a bayanta, ƙwaƙwalwar ciki yawanci ta MediaTek ce ko Qualcomm. Ka leƙa can ma.

Ga batun dala. A tsakiyar 2023 tana wajen naira 460 a hukumance, farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya riƙe jarin waje ya dara, amma MTN Najeriya, da ba ƙera waya yake ba kuma ana iya sayensa a nan gida, asara ya bayyana a 2023 saboda faɗuwar naira. Ka kuma tuntuɓi malaminka kan kamfanin da bashin ruwa ya yi wa katutu, ni lokacin ko wannan ban tsaya tambaya ba.

Don Allah kada ka zuba duka, kada ka taɓa na iyali. Mutumin nan da ya cinye mini kuɗi kuwa na hango shi bara a wani ɗaurin aure a Unguwar Rimi, ya ƙara ƙiba, har shi aka ba wa addu'a. Na ɗaga hannu tare da jama'a amma ban ce amin ba.