Buga bingo a taron ƙungiya

Hajiya, kin tambayi yadda ku 30 za ku buga bingo a taronku na Agege.

Kowacce a ba ta kati mai gida 25, na tsakiya ba shi da lamba, a cike ake ɗaukarsa tun farko. Katin layi biyar ne a tsaye, kowanne da harafinsa a sama: B, I, N, G, O. Layin B ana zaɓo lambobinsa daga 1 zuwa 15, I 16 zuwa 30, a haka har O, 61 zuwa 75. Kada kati biyu su zo iri ɗaya, nan rigima take tashi.

A rubuta lambobin a murafun kwalba, a zuba a jaka. Mai kira ta zaro ɗaya, ta faɗa sau biyu, saboda ƙarar janareta. Mai lambar a katinta ta ɗora ƙwayar wake a kanta. Wadda layinta ya cika, a tsaye, a kwance ko a karkace, ta ce bingo. A gwada katinta da murafun da aka zaro kafin a ba ta kyauta. Kada a karɓi kuɗin shiga, don kada ya koma caca.