Gwajin Gado da Shawarar Tiyatar Mama

Tambaya: Likita, an gano mini sankarar mama, gwajin BRCA (ƙwayoyin gado masu alaƙa da sankarar mama) kuma ya nuna wani sauyi da ba a san illarsa ba. In yarda a cire duka biyun? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Wannan sakamako ba hujja ba ne na cire mama mai lafiya, domin yawancin irin waɗannan sauye-sauye, idan aka sake nazarinsu, akan tarar ba su da illa. Sun fi fitowa ga 'yan Afirka, saboda galibin bayanan da ake kwatantawa da su na Turawa ne. Girman ƙarin, matakinsa da tarihin cutar a danginki ne za su yanke shawarar, kuma idan an gano shi da wuri, cire ƙarin kaɗai tare da gasa wurin da hasken na'ura (radiotherapy) yakan wadatar.