Kafin ka aika a sayo biren bos: amsoshi kan motar da kwamfuta ke cewa tana misin

Wasiƙun da na zaɓo a wannan makon duk sun shafi kwamfutar mota ne, da abin da ya kamata a sani kafin a sayo wani abu. Zan fara da ta Jega.

Daga Jega: "Assalamu alaikum Malam. Ina da Honda Accord 2008 mai silinda huɗu. An canza mini sarkar taimin da sensan kiranshaf. Kwana biyu da ɗauko ta wutar cek ta kama. Mai kwamfuta ya jona, ya ce P0300 da P0302, wai tana misin. Na canza fulogi huɗu da kwayil biyu, wutar ta dawo. Ni kuwa ban ji tana rawa ba, tana ja lafiya, shan manta bai ƙaru ba. Yanzu bakanike ya ce biren bos ne, in aika Kano a sayo na Beljiyam. In saya?"

Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Abu biyu a wasiƙarka suka sa na ce haka: an taɓa sensan kiranshaf, kuma kai da ke zaune a kan sitiyari ba ka jin motar tana rawa.

Ya kamata ka san yadda kwamfutar mota, wato biren bos ɗin da ake so ka saya, ke gane misin (silinda ta ƙi yin wuta a lokacinta), domin ba ta da ido a cikin silinda. Ba ta ganin wuta ta tashi ko ba ta tashi ba. Kunne kawai take kasawa. Ka ɗauka mata huɗu suna lugude a cikin gida, kai kana waje a bayan katanga. Ba ka ganinsu, amma da zarar ɗaya ta tsallake bugunta za ka ji giɓin, har ka iya cewa ta biyu ce. To haka kwamfutar take yi. A jikin kiranshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, akwai faranti mai haƙora, sensa yana ƙirga wucewarsu. Duk lokacin da silinda ta yi wuta, kiranshaf yana samun ɗan turi, haƙoran su wuce da sauri kaɗan. In silinda ta yi fashi, sai su ɗan yi jinkiri. Injin mai silinda huɗu yana wuta sau biyu a kowane zagaye, ke nan in yana silo a kan zagaye 750 a minti ɗaya, wuta 25 ake yi a daƙiƙa ɗaya. A cikin wannan gudu kwamfutar ke neman wadda ta yi lattin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tana lissafi a kan zagaye 200 don misin mai tsanani, da zagaye 1,000 don mai sauƙi. Lambar P0300 na nufin ta ji giɓi a wurare daban-daban, P0302 kuma ta ɗora laifin a kan silinda ta biyu.

Matsalar ita ce babu farantin da haƙoransa suka yi daidai da juna cif. Wani ya fi wani faɗi da abin da ido ba ya gani. Shi ya sa kwamfutar take haddace halin farantinta da sensanta, ta riƙa cire wannan bambanci daga lissafi. Da aka sa sabon sensa, aka kwance gaban injin aka ɗaure, an canza mata turmi ne, ita kuma tana nan da haddar tsohon sauti. Sai ta ji bugu ya bambanta, ta ce wata ta yi fashi, alhali kowa yana daka.

Maganin wannan shi ne a goge tsohuwar haddar a sake koya mata, abin da masu kwamfuta ke kira rilan. A Honda irin taka, ana shiga da na'urar da ke iya ba mota umarni, a goge abin da ta haddace na kiranshaf. Sannan a riƙe injin a kan zagaye 3,000 a minti ba tare da giya ba har fankar lagireto ta tashi. A hau titi mai shimfiɗe, a sa giya a kan 2, a kai allura 2,500, a ɗauke ƙafa gaba ɗaya daga totur, a bar ta ta sauko da kanta zuwa 1,000. A maimaita sau da dama. Hikimar ɗauke ƙafar ita ce a lokacin kwamfuta tana yanke mai, babu silindar da ke wuta, don haka duk rashin daidaiton da ta ji na haƙora ne, sai ta rubuta shi ta ajiye. A yi wannan da rana, inda babu cunkoso, mutum biyu: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kallon na'ura.

Akwai wani abu da ke hana wannan aiki kamawa a nan wajenmu, kuma yana damuna ƙwarai. Saboda zafin Maris da Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40, motoci da yawa an cire musu tamostat (abin da ke tare ruwa har injin ya ɗumama), an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayar da mota. Kwamfuta kuwa ba ta karɓar sabon karatu sai injin ya kai zafinsa na aiki, wajen digiri 80 zuwa 90. Motar da aka yi wa wannan aika-aika takan daɗe ba ta kai can ba, kuma alamar da ake jira, wato tashin fanka, ta ɓace tunda fankar ba ta tsayawa. Ka tambayi bakanikenka ko tamostat ɗinka yana nan. In babu, shi ne abin da za ka fara saya, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na biren bos ba.

Kada kuma in sa ka saki jiki fiye da kima. Kafin rilan, a tabbatar misin ɗin na ƙarya ne. A tayar da mota, ka ɗora hannu a kan sitiyari, ka je bayan salansa ka saurara ko tana yin "fut, fut" jefi-jefi. A ɗauke kwayil na silinda ta biyu a musanya da na ta uku, a goge lamba, a zagaya. In lambar ta koma P0303, kwayil ne, magana ta ƙare. In ta tsaya a ta biyu, a yi wa fulogi haka. Wannan gwaji kyauta ne, kuma da an yi shi tun farko da wataƙila kwayil biyun da ka saya suna kanti har yanzu. Sannan tunda sarkar taimin aka taɓa, a duba ko ba a tsallake haƙori ɗaya ba wajen ɗaurawa. Sarkar da ta goce ba ta jin rilan, sai an buɗe an gyara. A duba sensan da aka sa ma: ya zauna daram, babu datti a ƙarƙashinsa, wayarsa ba ta gogar ƙarfe, kuma ba jabu ba ne. Fanbel mai santsi ko fuli mai rawa su ma suna iya ruɗa lissafin.

In wutar cek ta fara ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, wannan ba ƙarya ba ce har sai an tabbatar. Ma'anarta ɗanyen mai yana gangarawa cikin salansa yana ƙona katalis, matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi. Ka rage gudu, ka nemi wuri ka tsaya.

Shi biren bos kuwa, ba kasafai yake lalacewa ba sai in ruwa ya shige shi ko an juya kan batir. In ka sayo na Beljiyam, ba zai tayar da motarka ba sai an haɗa shi da makullinka, wani kuɗin ke nan. Bayan an gama, shi ma sai an yi masa wannan rilan ɗin da ake gudu. Na taɓa ganin wanda ya saya, wutar ta mutu, aka yi ta yabon bakanike, alhali karatun da aka yi wa sabon ne ya kashe ta, kuma da tsohon aka yi wa da ya wadatar.

Daga Argungu: "Malam, ni malamar makaranta ce. Na canza batir a Corolla 2010. Tun daga ranar, in na tsaya a mahaɗa ko na kunna esi sai allura ta faɗi, motar ta yi kamar za ta mutu, wani lokaci ta mutu. An ce in sayi nozul. Kafin batir ɗin ba ta taɓa yi ba."

Malama, jimlarki ta ƙarshe ita ce amsar. Nozul huɗu ba sa haɗa baki su lalace ranar da aka canza batir.

Abin da ya fi yiwuwa shi ne wannan. A bakin injin akwai maƙogwaron da iska ke shiga, da faifan da ke buɗewa in kin taka totur. Shekara da shekaru ƙurar hunturu da tururin baƙin mai suna taruwa a gefensa, hanyar iskar silo tana ƙuntata. Kwamfuta tana lura, tana ƙara buɗe faifan kaɗan kaɗan don ta rufe giɓin, ke ba ki sani ba. Da aka cire batir, wannan haddar ta goge, ta koma buɗe shi kamar na sabuwar mota, iskar kuwa ba ta isa. A wanke maƙogwaron da feshin da aka yi don haka da tsumma mai laushi, mota a kashe, kada a yi ta banƙara faifan da ƙarfi domin ɗan injin lantarki ne ke juya shi da ƙananan haƙora. Sannan a ɗumama injin, a kashe esi da fitilu da rediyo, a bar ta tana silo kamar minti goma, a kunna esi a ƙara mata wasu mintuna. Toyota takan daidaita kanta cikin 'yan kwanaki na tuƙi. Masu Nissan su kula, tasu ta fi taurin kai: bayan wanki silo yakan haura sama, har ta kawo P0507, kuma yawanci sai an yi mata karatun iskar silo da na'ura ko da wani tsarin taka totur mai ƙirga daƙiƙa.

In an yi wannan mako ya zagayo ba ta canza ba, a nemi tiyon iska da ya tsage ko aka manta ba a mayar ba.

Daga Yauri: "Ina koyon rewaya. Na ga ƙaramar na'ura da ake haɗawa da waya, mai arha. Za ta yi mini aikin rilan?"

Ɗana, ka saye ta, amma ka san iyakarta. Irin su ELM327 ake nufi, ana soka su a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Za ta karanta maka lamba, ta goge, ta nuna zafin ruwa da gudun injin da yadda kwamfuta ke ƙara mai ko rage shi. Wannan kaɗai makaranta ce babba ga mai koyo. Amma yawancinsu sauraro kawai suke yi, ba sa ba da umarni, rilan ɗin kiranshaf kuwa umarni ne. Don shi sai na'ura mai sauraro kuma mai ba da umarni, irin manyan Launch ko Autel, ko ta kamfanin motar kanta kamar HDS ta Honda da Techstream ta Toyota. Ranar da ka tara kuɗin babbar, kada ka biya sai an jona ta a irin motocin da ke shigowa garejinku ka ga aikin da idonka, kuma ka tambayi shekara nawa za ta yi tana karɓar sabuntawa kafin a nemi ka sake biya.

Al'ada ɗaya nake so ka ɗauka tun yanzu: kafin ka goge kowace lamba, ɗauki hotonta da bayanan da kwamfuta ta daskarar a lokacin da laifin ya faru, wato gudu nawa, zafi nawa, nauyi nawa. Masu cire kan batir don kashe wutar cek wannan shaidar suke zubarwa.

Daga Birnin Kebbi: "Zan sayi mota hannu na biyu. Na'ura ta nuna P0300, dillali ya ce ƙarya ce, rilan kawai take so. In yarda?"

Yana iya zama gaskiya, kuma tabbatarwa ba ta da wuya. Ka ce a yi rilan ɗin kafin ciniki, tunda a faɗarsa ƙaramin aiki ne. Bayan an yi, ku zagaya da ita sosai, cikin gari da kan babban titi kamar hanyar Kalgo, a kashe ta a sake tayarwa, a kuma zagayawa, domin irin wannan lamba sau da yawa sai a tafiya ta biyu take kunna wuta. Mai kwamfutar ya zama naka, ba na dillali ba. Ya duba maka ƙirgen misin na kowace silinda, ya kuma duba ko gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta sun kammala. In ka iske yawancinsu ba su kammala ba tun kafin ku taɓa komai, to ba a daɗe da goge lambobi ba, sai ka tambayi dalili.

Ka zo da sassafe ka tayar da ita da kanka tun injin yana da sanyi. Motar da ke rawa minti ɗaya na farko sannan ta lafa, ruwan lagiretonta kuma yana raguwa, alamar gasket ce da ke yoyo cikin silinda. Idan ka ga haka, a auna matsin kowace silinda kafin ka ajiye ko sisi, in dillali ya ƙi a auna ka bar masa motarsa.