Amsa ga mai tambayar yawon Hausawan Gana

Malam, ka ce abin da ke ba ka mamaki da mu Hausawan Gana shi ne ƙafarmu ba ta zama. Yau a ji mutum yana Kano, bayan Sallah yana Kaulaha ta Senegal, baɗi sai ga hotonsa daga Jamus. Sannan ka ƙara da tambayar da muka saba ji: wai anya mai iyali da sana'a zai iya wannan, kuma anya har yanzu Hausawa ne mu na sosai?

Tafiya ce ta ajiye mu a nan tun farko. Fataken goro ne suka riƙa zuwa ƙasar Gwanja a arewacin Gana ta yau, garin Salga ya zama babbar kasuwarsu, har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, jama'a suka bazu Karaci da Kumasi da Akra. Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya rasu a 1934, haifaffen Kano ne. Wanda ya gaji wannan, danginsa a ƙasa huɗu ko biyar suke, kuma mutuwa da aure da suna ba sa duba iyakar ƙasa. Sau biyu kuma gwamnatoci suka ƙara rarraba mu: korar baƙi ta Firaministan Gana Busia a 1969 ta mayar da gidaje da yawa Najeriya da Nijar, korar 1983 zamanin Shagari ta juyo da wasu. Akwai sha'awa, ba mu musu, muna son ganin gari. Amma yawanci a ƙarshen hanyar akwai gwaggon da ake bin gaisuwa.

Zancen aiki kuwa lissafi ne. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ma'aikaci hutun kwana 15 na aiki a shekara, mafi ƙaranci. Mai dabara yana jingina su da hutun Sallah, tunda Sallolin biyu ranakun hutu ne a Gana tun zamanin Rawlings, ko da hutun ƙarshen Disamba lokacin da yara ke gida. Mai shago kan ƙirga kaya da wanda zai bar wa a gaban mutum na uku, a rubuta, a hana ba da bashi sai ya dawo. Ba sata ce ke kashe shago a bayan mai shi ba, bashin 'yan'uwa ne, domin yaron shago ba ya iya ce wa kawun maigida a'a. Kuɗin tafiya daga adashe yake fitowa: mutum ya nemi a ba shi kwasa wata biyu kafin tashi. Kuɗin cefanen gida ana barinsa a hannun uwargida cikakke, har da rarar mako guda, saboda hanya ba ta cika alkawari.

Hanyar da aka fi bi yanzu ta bakin teku ce. Daga Kumasi zuwa Akra kamar awa 5 zuwa 6 ne, daga nan Aflao da ke bakin iyakar Togo, a shiga Lome, a fita Togo ta Sanvee Condji, a ratsa Kwatano, a shiga Najeriya ta Seme. Iyaka uku ke nan, kowacce da hatimin fita da na shiga, hatimi 6 kafin ka ga Legas. Kada ka yarda wani ya karɓi fasfonka ya ce zai buga maka ka zauna a mota. In hatimi ɗaya ya ɓace, a dawowa za a tambaye ka ta ina ka shiga, kuma amsar tana da tsada. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza, amma katin rigakafin shawara dole ne, kuma ba ya aiki sai allurar ta kwana 10. Mutane da yawa sukan yi ta ana gobe tafiya, su sha mamaki a Aflao. Sefa ɗaya ce a Togo da Benin, don haka a canja kaɗan a Aflao, ƙananan takardu, a bar naira sai Seme. Agogo ma yana yaudara: Gana da Togo lokacinsu ɗaya, da ka shiga Benin ka ƙara awa guda, kuma wannan awar ce ke sa mutum ya rasa motar arewa a Legas.

Tsohuwar hanyar arewa, ta Bawku zuwa Fada N'Gourma zuwa Yamai, ita ce ta iyayenmu, kuma ta fi kusa ga mai zuwa Maraɗi ko Katsina. Rashin tsaro a gabashin Burkina Faso ya sa masu iyali sun bar ta. Gadar Gaya da Malanville ma an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sannan Nijar da Burkina da Mali suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Mai zuwa Nijar direbobin tasha yake tambaya a makon tafiyar, domin labarin watan jiya ya tsufa.

Goron tsaraba, wanda ba a shiga Kano ba shi: a zaɓe masu tabo a fitar tun a gida, a shimfiɗa ɗanyen ganye, a ɗaure, a nisanta shi da zafin inji. In tafiyar ta wuce kwana uku a kwance a duba. Ɗaya mai ƙwaro yana cinye sauran, ruwa in ya yi yawa ya ruɓar, in ya yi kaɗan goron ya yanƙwane. Saƙon mutane kuma, ko na aminin da kuke majalisa ɗaya ne, a buɗe shi a gabansa kafin ya shiga jakarka. Ba wanda ke fushi da wannan a zango, kowa ya san dalili.

Yanzu ga inda tambayarka ke da ƙaiƙayi. I, muna aure da Tonawa, wato Ashanti, da Dagombawa da sauran masu ƙasa, kuma ba jiya aka fara ba. Fataken da suka zo ba su taho da mata a kan jakuna ba. Abin da mai irin wannan aure yake kula da shi takarda ce. Tonawa ta wajen uwa suke gado, mu kuma na Musulunci muke bi, ga dokar gado ta 1985 a gefe. Tsohuwar dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajistar auren cikin mako guda, amma da yawa ba sa yi sai ranar da ofishin jakadanci ya nemi shaidar aure. Sai kuma suna. Yaro ɗaya dangin uwa na kiransa Kofi, makaranta ta rubuta Issifu, takardar haihuwa ta ce Yussif, uba kuma a fasfo Bukari ne alhali wasiƙar gayyata daga Kano ta ce Abubakar. A filin jirgi wannan mutum huɗu ne. Tun yaro yana goye ake zaɓar rubutu ɗaya a tsaya a kai. Matar da za ta fita da yara ba mijinta ta riƙe takardun haihuwa da wasiƙar izinin uban.

Abin da ke ci mana rai shi ne, mutum ya sha iyaka uku da kwana biyu a mota don ya kai ɗansa ya ga dangi, yaron ya buɗe baki ya ce “mata na ya zo”, ɗaki ya fashe da dariya. Gaskiya ne Hausarmu ta sassauta wajen bambanta namiji da mace, kuma ta ɗebi kalmomin Tonanci da Turanci. Taku ma ai ba a tulu aka rufe ta ba. Da wannan Hausar ake tafsiri a unguwannin Nima da Sabon Zango na Akra, da ita ake ciniki tsakanin Bamoshe da Bazabarme da Bakotokole, waɗanda ba su da wani harshen da ya haɗa su sai ita. Yaron da aka yi wa dariya sau biyu, karo na uku da Turanci zai amsa muku, sai kuma a ce mun bar harshe.

Masu zuwa Turai da Amurka, yawanci wajen ƙanne da 'ya'ya ne a Hambug ta Jamus ko Bironks ta New York. Bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai tana son inshorar lafiya ta Yuro 30,000, da fasfon da zai kai wata 3 bayan ranar dawowa. Kuskuren da ya fi kayar da mutanenmu shi ne aron kuɗi a zuba a asusu ana saura mako a kai takardu. Mai dubawa motsin watanni yake karantawa, ya ga ciniki na shiga yana fita. Ɗan kasuwar da duk harkarsa a aljihu take, ya fara bi ta banki tun wata 6 kafin nan. Aikin Hajji kuwa ya yi sauƙi ga na arewa tunda jirgi ya fara tashi kai tsaye daga Tamale a 2016.

Mu dai muna zuwa. Ku ne ba ku cika ramawa ba, sai ka ji mutum ya je Dubai sau da yawa bai taɓa taka Kumasi ba, alhali daga Legas zuwa Akra kamar awa ɗaya ce a jirgi. In ka shirya, yi allurar shawararka da wuri, ka sanar mako biyu kafin ka taso don a gyara ɗakin baƙi. Kilishi da daddawar Kano za ka riƙo mana, goro kam akwai.