Tsuntsun da ya yi ɓatan kai a Gulbin Maraɗi

Malam, ka tambaya ko baƙon tsuntsun da ka gani yana tsalle a kan gawo a bakin Gulbin Maraɗi zai iya fitowa daga nesa. Ƙwarai kuwa. Kowace kaka ƙananan tsuntsaye masu waƙa suna baro Turai, su ƙetare Sahara, yawanci da dare, amma wasu kan kauce hanya saboda iska mai ƙarfi ko ƙuruciya, domin ƴaƴan bana ne suka fi ɓata. Misali, akwai wani ɗan tsuntsun Sibiriya mai ratsin rawaya a gira, nauyinsa kamar giram 6, wanda ya saba sauka kudancin Asiya, amma ana ganinsa har Ingila. Ka ɗauki hoton tsuntsun da ka gani, ka naɗi kukansa da waya, kuma ka hana yara harbinsa da danƙo.