Mun buɗe wa ofishinmu na lauyoyi gidan yanar gizo, amma Google ba ya kawo mana kowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne lauyoyi a ofishinmu, muna karɓar shari'o'in gado, haya, rikicin ma'aikaci da wurin aikinsa, da kuma rajistar kamfani. Shekara guda ke nan da buɗe gidan yanar gizonmu. Akwai tarihin ofis, hotunanmu da takardun karatunmu, sai shafi guda mai suna "Ayyukanmu" inda muka jera komai. Amma sai wanda ya riga ya san sunanmu yake samunmu a Google. Ta ina za mu fara gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Barista. Daga wancan shafi na "Ayyukanmu" za ku fara, domin nan gizo ke saƙa.

Mutumin da mai gida ya miƙa wa takardar tashi bai san sunan ofishinku ba, kuma ba zai rubuta "ƙwararrun lauyoyi masu gogewa" ba. Yana riƙe da waya, hankali a tashe, yana rubuta "kwana nawa doka ta ba ɗan haya kafin a fitar da shi". Shi kuma Google shafi-shafi yake dubawa, ya ɗauko wanda ya fi amsa wannan tambaya. Shafin da ya cusa gado da haya da rajistar kamfani, kowanne layi huɗu, bai amsa ko ɗaya ba. Kun tsara gidan yanar gizon yadda ku lauyoyi kuke kallon ofishinku, alhali damuwar mai neman lauya ce ya kamata ta ja ragamar tsarin.

Kowane fanni ya samu babban shafinsa: gado daban, haya daban, haka sauran. A ƙarƙashin kowane babban shafi sai a buɗe ƙananan shafuka, kowanne da matsala guda, tun da ba a tauna taura biyu. A haya, alal misali, korar ɗan haya shafi ne, ƙin biyan kuɗin haya shafi ne, wanda gyaran gida ya hau kansa shi ma shafi ne. Babban shafin ya sa mahaɗi zuwa ƙananan, su ma su mayar da mai karatu gare shi. Ta waɗannan mahaɗai Google yake bi ya gano shafukan, ya kuma fahimci wanne ne uwa. Idan kuna shakkar ko batu ya cancanci nasa shafin, ku tambayi kanku: masu matsalolin nan biyu takardu iri ɗaya za su kawo ofis, matakai iri ɗaya za a bi musu? In amsar a'a ce, a raba. In kuwa e ce, a haɗe, don shafuka biyu masu magana ɗaya junansu suke tuɗewa a sakamakon bincike.

Batutuwan kuma ba sai kun yi hasashe ba. Wanda yake ɗaga wayar ofis ya fi kowa sanin abin da mutane suke tambaya a kiran farko, da irin kalmomin da suke furtawa. A ba shi littafi ya riƙa rubutawa. Sannan ku yi rajista da Google Search Console, kyauta ne, zai nuna muku ainihin jimlolin da aka rubuta har shafinku ya bayyana.

A cikin shafin, amsa ta zo a sakin layi na farko. Na san horon lauya yana sa shi fara da shimfiɗa da ma'anar kalmomi, amma mai karatu a waya ba zai jira ba. Bayan amsar, a faɗi ƙasa ko jihar da bayanin ya shafa, saboda dokar haya ko gado tana bambanta daga wuri zuwa wuri. Sai matakan da ake bi, wa'adin da in ya wuce haƙƙin shigar da ƙara ya faɗi, takardun da mutum zai zo da su, da yadda ofis yake lissafa kuɗin aiki. Kwafo sassan doka a liƙa ba ya ƙara komai, suna nan a wurare da dama. Abin da babu a ko'ina shi ne bayaninku na yadda abin yake gudana idan an shiga kotu.

Takardun karatun nan naku suna da amfani, wurin ajiyarsu ne bai dace ba. A ƙa'idojin da Google ya ba masu tantance masa ingancin sakamako, batutuwan da za su iya taɓa lafiyar mutum, dukiyarsa ko tsaronsa ana auna su da ma'auni mai tsauri, kuma shawarar shari'a tana cikinsu. Ana duba ƙwarewar marubuci, matsayinsa da amanarsa, a Disambar 2022 kuma aka ƙara da ko ya taɓa yin abin da kansa. Saboda haka kowane rubutu ya ɗauki sunan lauyan da ya yi shi, da mahaɗi zuwa tarihinsa, da ranar da aka sake duba shi. Doka tana sauyawa, tsohon bayani kuma zai iya sa mutum ya yi asarar ƙararsa.

Za ku haɗu da masu ce muku a buɗe shafi ɗaya a maimaita shi da sunayen garuruwa hamsin. Google ya lissafa wannan cikin dabarun da yake hukuntawa, haka nan tara ɗaruruwan rubuce-rubuce marasa ƙima da manhaja ko da hannu, wanda ya tsaurara a kai a Maris 2024. Ɓoyayyen gurbin da ake jera kalmomin bincike a bayan shafi kuwa, wanda ake kira meta keywords, tun 2009 ya sanar cewa ba ya la'akari da shi. Idan garin da kuke ne kuke so a same ku, ku cike Google Business Profile, wato bayanan ofishinku da suke fitowa a taswirar Google, suna da adireshi da lambar waya su zo daidai da na gidan yanar gizon. Taswirar Google tana duba dacewa, kusanci da kuma shahara.

Akwai abin da mai gina muku shafi ba lallai ya sani ba, ku ne za ku sa ido: dokokin tallar lauyoyi. A Amurka ma sai a 1977 Kotun Ƙoli ta buɗe wa lauyoyi ƙofar talla, a wasu ƙasashen kuma har yanzu da takunkumi. Ku duba ƙa'idojin hukumar da take kula da aikinku kafin ku rubuta "mun fi kowa" ko ku yi alkawarin nasara, kuma kada labarin shari'ar wani ya hau shafi ba da yardarsa ba. A fom ɗin tuntuɓa a rubuta ƙarara cewa aiko saƙo bai mayar da ofis lauyan mutum ba tukuna.

Ɓangaren fasaha ba shi da yawa. Google sigar waya yake dubawa, don haka a gwada komai a waya, babban abin da ke shafin ya buɗe cikin daƙiƙa 2.5, lambar ofis ta zama wadda ake dannawa ta kira.

Kada ku ɗauki fannoni huɗun a lokaci guda. Ku zaɓi wanda ya fi kawo muku aiki, ku gina babban shafinsa da ƙanana biyar ko shida, sannan ku wuce na gaba. Google da kansa ya ce irin wannan gyara kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa, kuma kira da saƙonnin da suka shigo za ku ƙirga, yawan maziyarta ba ya biyan albashi. Ranar da za ku rushe shafin "Ayyukanmu", ku ce wa mai kula da gidan yanar gizon ya sa masa juyi na dindindin, mai lamba 301, zuwa sabon shafin da ya fi kusa da shi, don duk wanda ya riga ya ajiye tsohon adireshin kada ya tarar da wayam.